Shagon kayan famfo da ke rubuta wa maigida iyakar bututunsa, a ƙasar Ringim

Shago ne ɗaki biyu da rumfar kwano a gaba, a bakin kwalta, cikin wani garin kasuwa na ƙasar Ringim. Ana sayar da bututu, kan famfo, tanki, gam da kwanon masai, yawanci sarin kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Mai shagon yana da masu haɗa famfo uku da magini ɗaya, yana tura su ƙauyuka daga Taura har Garki da Babura. A kaya bai fi sauran shaguna da wani abin kirki ba. Abin da ya sa ya cancanci a yi magana a kansa wata takarda ce guda ɗaya, gaba da baya, rubuce da Hausa, wadda ake sa wa hannu kafin a kafa diga. Mun karanta takardar, mun juya kayan shagon, mun kuma duba gidaje huɗu da suka yi wa aiki.

Duk mai zama a ƙofar gidan mai unguwa ya san yadda rigimar famfo take tashi. Bututu ya fashe a tsakiyar lungu, ruwa yana cin gindin katangar ƙasa, kwamitin ruwa ya ce na maigida ne, maigida ya ce na gwamnati ne, wanda ya haɗa kuma ya ce shi tuni ya gama nasa. Kafin a gane mai haƙƙin gyara, katanga ta zauna. Kusan kullum tushen abin ɗaya ne: babu wanda ya faɗa tun farko inda bututun wani ya ƙare, na wani ya fara. Wannan gurbi takardar ta zo cikewa, kuma a ɓangaren ruwan sha ta cike shi.

A Jigawa ruwan jama'a hannu uku yake. Hukumar ruwa ta jiha ce ke riƙe da manyan garuruwa, hukumar STOWA ke kula da ƙananan garuruwa tare da ƙungiyoyin masu shan ruwa, hukumar RUWASA kuma ke aikin karkara, inda kwamitin gari ke riƙe da tuƙa-tuƙa ko tankin sola. Layin farko na takardar gurbi ne da ake rubuta wanne daga cikinsu ne mai ruwan. Mutane da dama suna ruɗewa a nan. Gaskiya ne dokar albarkatun ruwa ta tarayya ta 1993 ta bai wa mai haƙƙin fili, na takarda ko na gargajiya, damar ɗibar ruwan ƙarƙashin filinsa kyauta don amfanin gida, shayar da dabbobi da ban-ruwan gonarsa. Amma wannan maganar rijiyarka ce. Ruwan da ke gudu a bututun gari wani ne ya haƙo shi, ya ɗaga shi tanki, ya turo shi, don haka huda wannan bututu sai da izini. Ma'aikatan shagon ba sa taɓa shi sai sun ga izinin a rubuce, kuma wakilin masu ruwan yana tsaye a wurin. Wasu na ganin jan rai ne. Mu a ganinmu wannan ne abu mafi daraja da suke yi wa mai gida, domin haɗin sata ranar da aka gano shi a yanke ake yi, kuɗin bututu da na haƙa sun tafi a banza, ga tara.

Takardar ta raba layin ruwa gida huɗu. Uwar bututu ita ce wadda ta taso daga tankin gari ta bi titi, mai faɗin inci 2 zuwa 4 a irin waɗannan garuruwa, kuma ta masu ruwa ce. Reshe shi ne daga jikin uwar zuwa bakin katangar gida. Sai makullin iyaka, na buɗe ruwa da rufe shi, wanda ake sa wa a ɗan akwatin bulo mai murfi a wajen katanga, tare da mita inda ake amfani da ita. Daga bayan makullin zuwa ciki shi ne bututun gida, kuma duk abin da ya same shi na maigida ne. Reshe ne wurin rigima, domin maigida ne ke sayen kayansa amma a hanyar jama'a yake kwance. Takardar ba ta yanke hukunci da kanta ba, sai ta bar layi a rubuta abin da aka yi yarjejeniya da kwamiti: wa zai gyara in ya fashe, wa zai biya in tarakta ce ta taka shi. Wannan hikima ce, tunda al'adar gari da gari ta bambanta. A bayan takardar ana zana taswirar gidan da biro, a nuna ta inda bututu ya bi da nisansa daga bango, saboda ranar da za a haƙa harsashin sabon ɗaki.

Yadda suke huda uwar bututu ya yi mana daidai. Suna ɗaura maɗauri mai noti biyu da zoben roba a ciki, wanda masu sana'ar ke kira sadul, su huda ta cikinsa a saman bututun, su ɗaura ƙaramin makulli, sannan reshe ya tashi. Abin da aka saba gani a ƙauye shi ne a gasa rodi a huda, a cusa rabin inci, a naɗe da robar tayar babur. Irin wannan haɗi yana ɗiga lokacin da akwai ruwa, wannan kowa na gani. Abin da ba a gani shi ne lokacin da aka ɗauke. Ruwan tankin sola na 'yan awoyi ne a yini, kuma idan bututu ya zama fanko yakan zuƙo duk abin da ke kwance a bakin ramin: ruwan kwata, fitsarin dabbobi, taɓon damina. Gobe da safe a turo wa dukan layi.

Zurfin binnewa da suka rubuta santimita 60 ne, da shimfiɗar yashi mai laushi a ƙasa da sama, sannan 90 a inda amalanke da tarakta ke ƙetarawa, tare da zura reshen cikin wani bututun da ya fi shi faɗi. Gidaje uku mun tona mun samu haka ko kusa da haka. Na huɗu kuwa, inda ƙasar ta yi marmara, santimita 35 kawai suka sauka suka rufe. Wannan gajiya ce, ba wani dalili ba, kuma bututun da ke wannan zurfi yana kawo ruwa mai zafi a bazara, ga fartanya na jiransa. Wanda zai ba su aiki ya tsaya a kan ramin da ma'auni kafin a mayar da ƙasa.

Akwai sharuɗɗa uku a takardar da suka shafi komawar ruwa baya, kuma ba mu taɓa ganin an rubuta su da Hausa a fili haka ba. Ba a ɗaura injin zuƙo ruwa kai tsaye a reshe, domin yana ƙwace ruwan maƙwabta, yana kuma janyo datti ta kowace kafa. Ba a barin bakin tiyo nutse cikin duro ko kwamin shayar da shanu, sai bakin famfo ya kasance sama da bakin mazubi da tazarar da ta kai ninki biyu na faɗin bututun. Na uku, ba a haɗa ruwan rijiyar gida ko burtsatse da na gari a bututu ɗaya. Wani dattijo ya zo neman a yi masa irin wannan haɗin, don ya huta da sayen tanki na biyu.

"Baba, ka yi haƙuri, wannan ba za mu yi ba," in ji mai shagon. "Ranar da aka ɗauke na gari, injinka zai tura ruwan rijiyarka har randar maƙwabta. In rijiyar ta samu matsala, unguwa guda ce za ta kwanta."

"To ɗana, yaya za a yi ke nan?"

"Tanki ɗaya ya isa, Baba. Kowane ruwa ya hau da bututunsa, ya zubo ta sama. A cikin tanki za su gamu, ba a cikin bututu ba."

Amsar daidai take. Bawul mai hana komawa, wanda suke sa wa bayan mita, taimako ne, amma ƙwayar yashi ɗaya tana iya hana shi rufewa. Tazarar iska tsakanin bakin bututu da saman ruwa ce ba ta lalacewa.

Kayan shagon kuma gauraye suke. A kan kanta akwai guntayen bututu biyu ɗaure da waya, launinsu ɗaya, faɗinsu ɗaya. Ɗaya in ka matsa shi da babban yatsa sai ya lotsa, ɗayan ko motsi. Na farko na ruwan datti ne, wanda ke gangarawa da kansa. Na biyu na matsin ruwa ne, kuma a jikinsa akwai tambarin PN da lamba: 10 na nufin yana ɗaukar matsin da ya kai na tsayin ruwa wajen mita 100, 16 ya fi haka. Mai shagon yana nuna wa kowa wannan, abin a yaba. Sai dai a bayan ƙofa yana ajiye da rabin inci mara tambari ga mai neman araha, kuma mun ga an fita da shi. Sannan damin bututun yana jingine a waje, rabinsa a rana. Farin bututun roba in ya sha ranar wata da watanni yakan yi fari fat kamar alli, ya bushe, ya riƙa tsagewa da ɗan bugu. A zaɓi na tsakiyar dami, a ƙi wanda launinsa ya kwashe.

Ga reshe mai nisa, baƙin bututu na naɗi ya fi, domin ana samunsa mita 100 babu gaɓa, kuma kowace gaɓa da aka rage ɗiga ɗaya aka rage. Suna da shi, suna kuma da mahaɗansa na murɗawa. A cikin ɗaki suna amfani da koren bututun PPR wanda ake narkawa da na'ura mai zafin digiri 260. Na milimita 20 daƙiƙa 5 yake so a wuta, na 25 kuma 7, a tura shi miƙe ba tare da murɗawa ba. Idan ya wuce haka robar takan taru a ciki ta tsuke hanya, sai a gama aiki a ga famfo yana zirara kamar bakin buta, a yi ta zargin tanki. Mun yanka gaɓa ɗaya da suka bari a ƙasa, cikinta a buɗe yake tas. Babban ma'aikacinsu ya iya hannunsa.

Wajen gam ma ba laifi. Suna yanka a miƙe, su kankare baki, su goge ƙura, su shafa a ɓangarorin biyu, su tura da ɗan juyi, su riƙe rabin minti, kuma ba sa sakin ruwa sai washegari. Amma a layin wanka na gida ɗaya mun ga inda soket, wato mahaɗin bututu biyu, ya ƙare musu, suka gasa bakin bututu a wuta suka cusa wani. Baƙin hayaƙin yana nan a jiki. Irin wannan gaɓa ba ta daɗewa, kuma soket ɗin da aka yi wa rowa bai kai kuɗin kwanon abinci ba.

Maganar tanki gajeriya ce. Lita 1,000 tan guda ne, don haka ƙasansa gaba ɗaya ya zauna a kan shimfiɗa, ba a kan ƙarfe uku da rata a tsakani ba. Ƙarfin ruwa daga tsayi yake zuwa, ba daga girman tanki ba: shawa tana son gindin tanki ya ɗara kanta da mita 2 zuwa 3, a sauko da inci ɗaya, a raba da uku bisa huɗu, sai a bakin famfo a koma rabin inci. Gida mai mutum 12, in an ƙiyasta lita 40 kowanne, lita 480 ke nan a yini, kuma sa guda na kiwo yana iya shan lita 40 a bazara. Suna yin wannan lissafi da maigida kafin su ce ga tankin da zai saya. Sun kuma saba tambayar uwargida, ta bakin maigidan ko wani yaro, inda take son famfon tsakar gida, su ɗaga shi yadda jarka mai lita 25 za ta shiga ƙarƙashi a tsaye, su yi ɗan dakali mai gangara zuwa gindin bishiya. Suna faɗin ranar shiga gida tun da wuri don mata su kimtsa. Ƙananan abubuwa ne, amma masu aiki da yawa ba sa yi.

Sashe na biyu na takardar ya bambanta kafaffen kaya da kayan haɗi. Kafaffen kaya shi ne abin da ke karɓar ruwa ya zubar da shi a magudana, kuma an kafa shi a jikin gini: kwanon masai, besin na wanke hannu, sinkin kicin, rariyar ƙasan banɗaki. Kayan haɗi su ne elbo mai lanƙwasa, ti mai baki uku, soket, yuniyan da makullai. Rabon yana da amfani biyu. Na farko garanti: aikin hannu da gaɓoɓi wata shida suka ɗauka, kwano kuwa da zarar an duba shi lafiya an kafa, fashewarsa ta maigida ce. Na biyu ya fi nisa. A ƙa'idar shari'ar filaye, abin da aka kafa a gini yakan bi ginin. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ya kama haya ya sa kwanon zama da kuɗinsa, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ba zai fasa daɓe ya cire ba sai in an yi da shi tun farko. Tanki da injin kuwa ana iya kwancewa, shi ya sa ake jayayya a kansu wajen cinikin gida da rabon gado. Takardar tana da wurin rubuta wanda ya sayi kowane abu da sunan wa aka yi rasit. Wanda ya taɓa zama shaida a rabon gidan gandu zai gane amfanin wannan.

Kan famfo iri biyu suke sayarwa, kuma ido ba ya raba su, sai hannu. Na tagulla yana da nauyi, zarensa rawaya ne har ciki. Ɗayan sakayau ne, fenti kawai aka yi masa, wuyansa yakan karye a cikin soket. A sayi mai nauyin. Inda ruwan burtsatse ke zuwa da yashi a sa matata kafin tanki, in ba haka ba yashin zai cinye robar kowane famfo. Kuma kada a yarda a ɗaure zaren ƙarfe da ƙarfin sifana a cikin soket na roba zalla, yana tsaga shi, ba lallai ranar ba.

Kowane kafaffen kaya sun ce sai da tarkon wari, wato lanƙwasar da ke riƙe ruwa kamar santimita 5 don toshe iskar rami da kyankyasai. A banɗakin baƙi da ke kusa da zaure wannan ruwa yakan ƙafe a watan Afrilu, wari ya taso, a ɗauka aiki ne ya lalace. Buta ɗaya a mako ce maganinsa. Bututun shaƙar iska suna fitar da shi sama da rufi, da raga a baki saboda sauro da ƙuda. Wannan duk sun yi shi yadda ya kamata.

Inda takardar ta fara rauni shi ne ɓangaren ruwan datti, kuma nan ne ya fi haɗari.

Ma'anonin da ta bayar daidai ne. Ta raba ruwan wanka da wanki daban, ruwan masai daban. Ta ce magudanar gida ita ce mai ɗaukar dattin gida ɗaya, kuma da zarar layi ya ɗauki na gida biyu ya zama na tarayya, sai an rubuta rabon gyara da na kwashewa. Wannan tsohon rabo ne a dokokin tsafta, kuma yana da amfani a gida mai sassa, inda 'yan'uwa uku ke zuba wa rami ɗaya, ramin kuma yana sashen ɗayansu. Ta kuma faɗa a fili cewa kwatar gari ta ruwan sama ce, ba a sakin ruwan masai a ciki, kuma duba-gari na da ikon ba da takardar gargaɗi a kan haka. A waɗannan garuruwa babu babban layin datti na gwamnati irin na Abuja da ke kai wa matatar Wupa. Duk abin da ya fita daga masanka a cikin filinka zai ƙare, kuma alhakinsa a wuyanka yake.

Shimfiɗa layin ma sun iya. Inci 4 ga masai, inci 2 ga wanka, gangara santimita 2 da rabi a kowace mita, suna aunawa da igiya da ma'aunin magina, ba da ido ba. A kowace kwana suna gina cemba mai murfi, don in ya toshe a zura sanda ba sai an fasa daɓe ba.

Sun kuma raba abu biyu da mutane ke haɗawa su kira sokawe. Akwai tankin datti, wanda ake ginawa da bulo cikakke a shafe shi ciki da siminti don kada ya tsiyaye. Ɗaki biyu ne, na farko kashi biyu cikin uku, zurfin ruwa aƙalla mita 1.2, mashiga da mafita kowacce da ti mai kallon ƙasa, mafita ta gaza mashiga da santimita 5 zuwa 7. Aikinsa ya kwantar da dauɗa ta ruɓe. Sai ramin tsiyaya, wanda ake jera wa bulo da rata, a kewaye shi da tsakuwa, ruwan da ya fito daga tanki ya nutse a ƙasa. Tankin datti mai mita 2 a tsawo, 1 a faɗi, 1.5 a zurfin ruwa, lita 3,000 ke nan, ya ishi matsakaicin gida. Tankunan da muka leƙa an gina su haka.

Matsalar ita ce ramin tsiyaya guda suke yi wa kowa, girma ɗaya, zurfi ɗaya, alhali ƙasar masarautar ba ɗaya ba ce. A gefen kogin Hadeja, ta Ringim da Taura, akwai fadama mai yumɓu wadda ba ta shan ruwa, kuma a watan Agusta ruwan ƙasa yakan taso kusa. Rami mai zurfi a irin wannan wuri rijiya ce aka haƙa wa datti, damina na yi ya cika ya dawo ta kwano. Nan dogon rami mara zurfi cike da tsakuwa ya fi, a kuma ɗaga bakin tanki sama da inda ambaliya ke kaiwa. A jigawar Garki da Babura kuwa yashi ne, yana shan ruwa nan da nan, ramin yana rufta wa in ba a gina shi ba, kuma dattin yana tafiya nesa a ƙarƙashi. Gwajin ƙasa ba shi da wuya: a haƙa ɗan rami kamu ɗaya a inda za a yi aikin, a cika shi da ruwa ya kwana, washegari a sake cikawa a ga saurin saukarsa. Ba su yi wannan a ko ɗaya cikin gidajen huɗu ba.

Mafi muni, a ɓangaren ruwan datti takardar ba ta ambaci rijiya ba ko sau ɗaya. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce mita 30 tsakanin ramin datti da rijiya ko burtsatse, ramin ya kasance ta gangare, kuma ƙasansa ya ɗara ruwan ƙasa da aƙalla mita 1.5. A gida ɗaya mun auna mita 11 tsakanin ramin tsiyaya da rijiyar maƙwabci, katanga ce kawai ta raba su, shi ya sa ba wanda ya lura. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya, NIS 554, wanda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, bai yarda da ko ƙwayar cutar bayan gida ɗaya a mililita 100 ba, kuma ruwan da ya gurɓata ta wannan hanya garau yake a ido. A shekarar 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta daina bahaya a fili, abin alfahari ne, amma ma'anarsa ramuka sun yawaita a cikin gari fiye da da, kuma kowane rami yana da maƙwabciyar rijiya. Ko an bar dokar gwamnati, hadisin ba cuta ba cutarwa ya isa, kuma alƙali zai saurari maƙwabcin da aka ɓata wa ruwa. Shagon da ya ƙi haɗa wa dattijo rijiya da layin gari saboda lafiyar unguwa bai kamata wannan ya wuce shi ba.

Ba su kuma rubuta komai a kan kwashewa ba. Idan dauɗa ta kai rabin tanki lokaci ya yi, kada a jira sai ta tsallaka ta toshe ramin tsiyaya, domin wanda ya toshe sai dai a haƙa sabo. Kuma kada kowa ya shiga ciki. Iskar ramin tana sumar da mutum kafin ya yi ihu, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi.

A zaɓin kwano sun fi karkata ga na zama mai tankin fulashin, watakila don ribarsa ta fi. Ga tsoho ko mai ciwon gwiwa ya dace. Ga gida mai ɗibar ruwa a jarka kuwa nauyi ne: lita 9 sau uku a yini ga mutum 12 lita 324 ke nan, na tsuguno mai zubi da bokiti a lita 2 kuma lita 72 kacal. Akwai ma kwanon roba na SATO mai marfin da ke rufe kansa, wanda ake ɗorawa a kan salga, kuma ƙasa da lita ɗaya ta ishe shi. Suna da su duka, sai ka tambaya suke fitowa da su.

Kuɗinsu ya ɗara na masu yawo da jakar kayan aiki. Jinga suke yi, rabi kafin alƙalami, sauran bayan gwaji, kaya da rasit ɗinsu daban. Gwajin shi ne a cika tanki, a rufe duk famfuna, a yi alama da alli a jikin tanki, a bari ya kwana, kuma ramuka suna buɗe har a ga alamar ba ta motsa ba. Ranar kasuwa ba a samunsu, da kaka ma aiki yana ja, don biyu daga cikin ma'aikatan manoma ne.

Jawo ruwa da haɗa cikin gida za a iya ba su da kwanciyar hankali, a dai tsaya a kan zurfi da tambarin bututu. Aikin rami kuwa kada a sa hannu sai an ƙara layi uku da biro a ƙasan takardar: za a gwada ƙasa kafin haƙa, ƙasan ramin ba zai kai ruwan damina ba, kuma ga nisansa daga rijiya mafi kusa. Mita 30 kamar taku 40 ne na babban mutum. A fara ƙirgawa daga inda za a kafa diga, a yi sallama a shiga gidajen da ke bayan katanga ta kowane ɓangare, a ci gaba da ƙirgar har bakin rijiyarsu.